Daga Hamburg zuwa ga ƙannena masu shirin zuwa karatun musaya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya mutanen gida? Wasiƙar nan taku ce, ku da kuka samu gurbin zango ɗaya ko biyu a jami'o'in Jamus, ta hanyar Erasmus+ ne, wato shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai, ko tallafin DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, ko wata yarjejeniya da jami'arku ta ƙulla. Allah ya sanya alheri.

Abin da ke ci mini rai shi ne ɗalibi ya zo ya sha sanyin wata shida, ya ci jarrabawa, ya koma gida a ce masa kwasa-kwasan da ya yi ba su shiga lissafi ba. Ku tuna digirinku yana gida, nan aro kuka zo. Don haka tun ran gini tun ran zane: kafin ku nemi biza, ku zauna da shugaban sashe da jami'in jarrabawa, a jera kowane kwas na nan kusa da wanda zai maye a gida. A tsarin Erasmus+ akwai takardar yarjejeniyar karatu da ɗalibi da jami'o'in biyu ke sa wa hannu. Kada ku baro gida sai tana hannunku. "Je ka kawai, za mu duba in ka dawo" ba magana ba ce, domin shugaban sashe yana sauka, wanda ya gaje shi kuma takarda zai nema.

Cikakken zango a nan maki 30 ne na ECTS, wato ma'aunin da jami'o'in Turai ke auna nauyin kwasa-kwasai da shi. Zangon hunturu yana farawa a Oktoba ya ƙare a Maris, na bazara kuma daga Afrilu zuwa Satumba. Kalandar jami'o'inmu da yawa ta goce tun yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, saboda haka zangon nan kan iya cin rabin zango biyu a gida. A rubuta muku yadda za a yi da jarrabawar da za ta wuce ku.

Halartar aji ba ya sa sunanka cikin masu jarrabawa. Sai ka yi rajistarta daban a shafin jami'a, kuma in wa'adi ya wuce, ya wuce. Makin jarrabawarsu ma a juye yake: 1.0 shi ne mafi kyau, 4.0 ci da kyar, 5.0 faɗuwa. Ku karɓi takardar bayanin wannan ma'auni, kada wani a gida ya ga 1.3 ya ɗauka kun faɗi, alhali kun yi zarra.

Masauki yana da wuya ƙwarai. Ku nemi ɗakin ɗalibai na Studierendenwerk, wato hukumar kula da walwalar ɗalibai, ranar da takardar gurbi ta iso. Wanda ya ce ku turo kuɗi tukuna zai aiko da makulli, ɗan damfara ne. Da kun tare, doka ta ba ku kwana 14 ku yi rajistar adireshi, abin da suke kira Anmeldung, tare da takardar shaida daga mai gida. Inshorar lafiya dole ce kafin jami'a ta yi muku rajista. Akwai kuma kuɗin rediyo da talabijin, yuro 18.36 a wata kan kowane gida, ko ba ku da akwatin. Duk wasiƙar da ta faɗo akwatinku ku buɗe ta a ranar, ku nemi mai fassara muku.

Ibada tana son shiri. A Disamba rana kan faɗi a Hamburg wajen ƙarfe huɗu na yamma, sai ka ga azahar da la'asar da magariba duk sun faɗo cikin lokacin lacca. Ku nemi wurin sallah tun makon farko. A titin Steindamm, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, akwai masallatai da shagunan naman halal. Ku riƙa duba rubutun da ke bayan ledar alewa, wasu da sinadarin alade ake haɗa su. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi. Kilishi kuwa ku bar shi a gida duk da daɗinsa, an hana shigo da nama Tarayyar Turai a jakar matafiyi.

Ina roƙonku kada ku ƙare zangon tsakanin ɗaki da hirar waya da mutanen gida. Ana koyar da Hausa a Jami'ar Hamburg, akwai ɗaliban da ke neman wanda za su yi hira da shi. Ku koya musu, su koya muku Jamusanci, ku kuma je ofishin malamai a sa'o'in ganawa, don daga nan ake samun wasiƙar shaida ta neman digiri na biyu.

Kafin ku taso, ku soke rajistar adireshi da inshora, ku karɓi kuɗin ajiyar ɗaki, ku tabbatar ofishin ɗaliban waje ya san inda zai aika sakamakonku, domin wasu makin ba sa fitowa sai kun riga kun isa gida.

A gaida su Baba da Inna. Wassalam.

Naku,
Yayanku a Hamburg