Abin da gyaran tirelolin shaƙatawa ya koya mini

Yawancin kayan da ake kawo mana gareji da sunan sun mutu, lafiyarsu ƙalau. Firiji ne, na'urar ɗumama ɗaki ce, famfon ruwa ne, mai shi zai shigo ya riga ya yanke hukunci, har ya duba kuɗin sabo a waya. In aka bi sawu a hankali sai a tarar abin da ke ciyar da kayan ne ya gaza, ko kuma yadda aka ajiye shi ne ya cuce shi. Wannan na tsinta a aikin gyaran tirelolin shaƙatawa a arewacin jihar Indiyana ta Amurka, kuma shi ya sauya mini yadda nake kama aiki.

Ga wanda bai saba ganinsu ba, ɗan gida ne a kan taya, da gado da kicin da banɗaki, ana ɗaura shi a bayan mota a ja zuwa daji ko bakin tafki a yi kwana biyu. Garin Elkhart da kewayensa ne cibiyar ƙera su. Nan Thor da Forest River suke da hedikwata, Jayco kuma yana Middlebury, ba nisa. A 2021, da korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, an fitar da irin waɗannan tireloli da motocin kwana sama da 600,000 a shekara guda. Su ne yanzu suka fara tsufa, su ne ke cika mana fili.

Wuta iri biyu ce a cikin kowace tirela. Akwai ta soket mai bolt 120, wadda ake jonawa a sansani, wato filin da masu tirela ke sauka su kwana, ko a janareta, akwai kuma ta batir mai bolt 12. Masu tirela sun fi damuwa da ta farkon, alhali ta biyun ce ke riƙe da gidan. Fitilu, famfon ruwa, fanka, na'urar jin warin gas, duk a kanta suke. Har kayan da ke aiki da gas, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa su wutar batir take ci. Ɗauki na'urar ɗumama ɗaki. In ka kunna ta, fanka ce ke fara juyawa. A gaban fankar akwai wani ɗan falle na ƙarfe, sai iska ta tura shi ya danna makunni, sannan a buɗe gas a ƙyasta wuta. An yi haka ne don kada gas ya taru ba iskar da za ta fitar da hayaƙi. To in batir ya yi sanyi, fankar za ta juya, za ka ji ƙararta, amma iskar ba ta kai ta tura fallen ba. Sai ɗaki ya cika da iska mai sanyi da tsakar dare, da safe a ce na'ura ta lalace. Shi ya sa kafin in taɓa sukurudireba, mita nake fara ɗorawa a kan batir. Batirin ruwa da ya cika yana nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. In na ga 11.8, ba na ma buɗe na'urar, caji nake sawa in koma wani aikin. Sau da yawa a nan magana ke ƙarewa, ko a wata waya da tsatsa ta ci bakinta a jikin ƙarfen tirelar.

Firijin gas ne ya fi koya mini haƙuri. Ba shi da kwamfuresa, ba shi da wani abu mai juyawa. Da zafi yake yin sanyi. 'Yar wuta ce ke tafasa ruwan amoniya a wani bututu, tururin ya hau sama ya huce ya zama ruwa, ya gangaro ya haɗu da iskar haidurojin ya sake ƙafewa, a wajen ƙafewar nan yake zuƙe zafin cikin firijin. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro shi a 1922, kamfanin Electrolux ya ɗauka ya kai kasuwa. Wanda ya san firijin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitocin ƙauye kafin sola ta yawaita, to shi ne wannan, makamashin kawai aka canza.

Tunda ba injin da ke tura ruwan, gangara ce ke mayar da shi mazauninsa. Nan matsalar take. In aka faka tirela a karkace aka bar firiji a kunne, ruwan sai ya kwanta inda bai kamata ba, bututun tafasa ya yi zafi fiye da kima, sinadarin da aka zuba don hana tsatsa ya daskare ya fara toshe hanya. Toshewar nan ba ta komawa. Yau kaɗan, wata mai zuwa kaɗan, sai wata rana firiji ya daina sanyi, mai shi ya rantse bai yi masa komai ba. Gaskiya yake faɗa, bai sani ba ne. A kan hanya ba damuwa, jijjiga na motsa ruwan. A tsaye ne ake jin jiki, musamman a ƙofar gida mai gangare inda ake kunna shi tun dare don a loda abinci da safe. Ɗan lebul irin na magina, wanda kuɗinsa bai kai na abincin rana ba, ya isa ya tsare firijin da sai an yi asusu kafin a sayi sabo. In kuwa na buɗe murfin baya na ga garin rawaya a ƙasa, ko wari ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa, wannan kam ya fashe. A kashe gas, a cire soket, kada a sake gwada shi, don gobara na tashi daga nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zama ya fi tafiya kashe kaya. Tirela kan yi wata bakwai ko takwas a ajiye, ta yi 'yan makonni a hanya. A zaman nan zanzaro ke shiga bututun hayaƙi ya gina ɗakinsa na laka, gizo-gizo ya saƙa yanarsa a bakin da gas ke fita. Da bazara a kunna hitar ruwa, wuta ta fito ja tana baƙin hayaƙi maimakon shuɗiya. Gyaran ɗan buroshi ne da iska, rigakafin kuma 'yar ragar waya ce a bakin ramin. Ɓera nasa daban, shi rigar waya yake so.

Sai ƙanƙara, wadda ban san sharrinta ba sai da na zo ƙasar nan. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ba ya neman izinin roba ko ƙarfe. Cokali ɗaya da ya saura a cikin famfo ko makunnin masai ya isa ya tsaga shi. Kafin hunturu ake zubar da ruwan tanki duka, a hura bututai da iska, a tura musu ruwan hana daskarewa mai launin hoda. Wannan ba na mota ba ne, na mota guba ne, kada a kusantar da shi bututun ruwan sha. Da bazara kuma akwai wani tarkon. An zubar da tankin hita, an rufe hanyarsa, sai mutum ya jona wuta ya danna makunni tanki ba ruwa. Cikin ƙiftawar ido ƙarfen ɗumamawar ya ƙone. Hitar kamfanin Suburban mai tankin ƙarfe tana da wata sanda da ake ɗaurawa ciki don tsatsa ta ci ta maimakon tankin. Nakan zaro ta in miƙa wa mai tirela a hannu. In ya ga saura siririyar waya kawai, ba sai na yi dogon bayani ba.

Inda muke yawan saɓani da masu kaya shi ne wajen ƙarin gata. Kowa yanzu batirin litiyom yake so, kuma ban ga laifinsu ba. Batirin ruwa rabinsa kawai za ka ci in kana son ya daɗe, na litiyom kuwa kusan duka, ga shi bai kai rabin nauyin wancan ba. Sai dai allura kan tono garma. Tsohuwar cajar da ke cikin tirela an yi ta ne don batirin ruwa, yawanci a 13.6 take tsayawa, shi kuwa litiyom yana son sama da 14 kafin ya cika yadda ya kamata. Ga caja sabuwa. Litiyom na zuƙar wuta da ƙarfi, siririyar wayar da ta wadatar jiya yau ɗumi take yi. Ga waya mai kauri da fiyus daidai da ita. Ba a yi masa caji in sanyi ya kai na daskarewar ruwa, kuma mazaunin batir a yawancin tireloli a waje yake, a kan ƙarfen gaba. Ko a sayi mai ɗumama kansa, ko a nema masa wuri a ciki. Hatta mitar da ke bango ta zama maƙaryaciya, domin litiyom na nuna kusan lamba ɗaya tun yana cike har ya kusa ƙarewa, sai an sa na'urar da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Mutum ya zo da kuɗin batir ɗaya, lissafi ya nuna masa abu huɗu ko biyar.

Wani dattijo ya zo da buƙatar a sa masa inbata da batir guda don ya kwana da iyakwandishan a daji, ba ƙarar janareta. Na jawo takarda muka zauna. Batirin litiyom mai amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa kusan 1,280. Iyakwandishan na kan rufi yana cin wajen wat 1,500 in yana aiki. Na ce, yallaɓai, awa ɗaya ma ba za ka cika ba. Ya ce to a ƙara sola. Farantin sola mai wat 200, a ranar da gari ya yi garau, da ƙyar zai mayar da abin da aka sha a awar nan, kuma kowa inuwar bishiya yake nema ya faka. Ya yi shiru yana duban takardar. A ƙarshe fanka mai ƙarfi muka sa masa a rufi, wadda ke zuƙe zafin ɗaki ta fitar, da batir ɗaya da faranti biyu. Ogana bai ji daɗin cinikin ba, don babban aiki ya koma ƙarami, amma da mun sayar masa da abin da ya nema, da ƙorafinsa za mu yi ta sha.

Ko a sansani mai wuta, lissafin bai ƙare ba. Tirela mai layin amfiya 30 wat 3,600 ne iyakarta. Iyakwandishan da hitar ruwa da na'urar ɗumama abinci in suka haɗu, bireka zai faɗi, kuma aikinsa ya yi. A tsakiyar zafi, kowa ya kunna nasa, wutar sansani kan yi ƙasa, kwamfuresa ya yi ta gurnani yana ɗaukar zafi. Wanda ya taso da wutar NEPA ba sai an karanta masa wannan ba.

Game da cire firijin gas a sa mai kwamfuresa na bolt 12, wanda sababbin tireloli da yawa ke zuwa da shi, ra'ayina ya danganta da inda mutum ke kwana. Yana sanyi da sauri, bai damu da ɗan karkace ba, ba wuta a bayansa. Amma dare da rana batir yake ci. Mai zama a sansanin da ke da soket ya ci riba. Mai shiga daji ya yi mako, in bai ƙara batir da sola ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Abubuwan da na fi so a kashe wa kuɗi ba masu burgewa ba ne, shi ya sa sai na yi ta naci. Na'urar jin gas da ke kusa da ƙasa, an sa ta can ne don gas ɗin ya fi iska nauyi, kuma tana da wa'adi na 'yan shekaru da aka buga a jikinta, bayansa fitilarta na ci amma hancinta ya mutu. Mahaɗar bututun gas, kumfar sabulu kawai ake shafawa a ga ko za ta yi ƙwai. Rufi kuwa na roba ne, duk inda aka huda shi don fanka ko iyakwandishan ko wayar sola, gam ne kawai ke tsakaninsa da ruwan sama. Gam ɗin na tsagewa da rana da jijjiga. Ruwa ya shiga ba a gani, katako ya ruɓe a ɓoye, sai ranar da ƙafa ta lotsa a gaban banɗaki. Na ga tireloli masu kayan sola na dubban daloli a kan rufin da ba zai ɗauki mutum ba.

Duk abin da aka ƙara kuma nauyi ne. Kowace tirela na da takarda manne a gefenta mai nuna iyakar abin da za ta ɗauka, kuma ruwan tanki na cikin lissafin, lita ɗaya kilo ɗaya. Nauyin nan a kan taya da boris yake sauka. Tayar tirela ba ta cika suɗewa ba, tsufa ke kashe ta tana da zanenta raɗau. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Boris na son giris duk shekara. Akwai kuma wata 'yar igiya da ake maƙalawa a jikin mota, in tirela ta ɓalle a kan hanya ta fizge wani fil, birki ya kama da kansa. Da batirin cikin tirelar birkin nan yake aiki. Saboda haka duk wanda ya ce in sa masa makunnin kashe batir don ajiya, ina sa masa, amma wayar birkin nan kai tsaye nake haɗa ta da batir, kuma sai na fizge fil ɗin a gabansa ya ga taya ta ƙi juyawa kafin in bar shi ya ja kayansa.