Kujerar mai kibod a ƙungiyar da ke raya kiɗan Grateful Dead da Allman Brothers

Wanda aka gayyata ya riƙe kibod a ƙungiyar da ke raya kiɗan tsofaffin makaɗan rok na Amurka, masu jan waƙa ɗaya ta kai minti ashirin a dandamali, tambayar da ya kamata ya fara yi wa abokan kiɗansa ita ce: wace shekara za mu buga? Amsar ce za ta nuna masa kayan da zai ɗauka, da sautin da zai haɗa, har da yadda zai ajiye yatsunsa.

Dalili kuwa, Grateful Dead sun yi shekara talatin suna kiɗa, daga 1965 zuwa 1995, kuma mutum shida ne suka zauna a wannan kujera. Ron McKernan, wanda aka fi sani da Pigpen, ya riƙe ƙaramin ogan Vox Continental kafin ya koma babban ogan lantarki na Hammond, kiɗansa na bulus ne marar yawan ado. Tom Constanten ya zauna daga 1968 zuwa 1970. Keith Godchaux, daga 1971 zuwa 1979, fiyano na katako ya fi riƙewa, wani lokaci fiyanon lantarki na Fender Rhodes, hannunsa na dama yana bin jitar Jerry Garcia kamar mai amsa masa magana. Brent Mydland ya karɓa a 1979 har rasuwarsa a 1990, shi ne ya dawo da rurin Hammond B-3, ga fiyanon lantarki mai amon ƙararrawa, ga murya mai tsayi da kaushi a amshi. Bayansa Vince Welnick ya zo, Bruce Hornsby kuma ya taya shi da fiyano daga 1990 zuwa 1992. Masu zuwa kallon irin wannan wasa sun san bambancin nan sarai. Akwai ma ƙungiyar Dark Star Orchestra, wadda aka kafa a Cikago a 1997, da ta yi suna wajen ɗauko jerin waƙoƙin dare guda na tarihi ta sake buga shi da salon shekarar. Ka zuba Hammond mai ƙara a waƙar da ake bugawa da salon 1972, mutanen layin gaba za su ji tun kafin a gama baitin farko.

Lamarin Allman Brothers Band, da aka kafa a Fulorida a 1969, ya fi sauƙin rabewa. Gregg Allman yana kan Hammond, yana shimfiɗa dogon sauti a ƙarƙashin jita biyu. Bayan rasuwar Duane Allman, ɗaya daga masu jitar, a 1971, Chuck Leavell ya shigo a 1972 da fiyano mai gudu wanda ya ɗauki rabin aikin jita ta biyu. Idan kai kaɗai ne mai kibod a ƙungiyarku, aikin mutum biyun nan yana kanka.

Haddace faifan situdiyo ba ya isa, domin su kansu masu waƙoƙin ba sa maimaita su iri ɗaya. Grateful Dead sun bar masu kallo su naɗi wasanninsu, shi ya sa akwai dubban naɗe-naɗe a rumbun intanet na Internet Archive. Ɗauki waƙa guda, ka nemo ta a dare uku na shekara ɗaya, ka saurara da takarda a hannu. Abin da ya dawo a duka ukun shi ne ƙashin bayan waƙar: buɗewa, jerin kod (sautukan da ake dannawa tare) na baiti, ɗan gajeren salon da kowa ke jira, da alamar komowa daga doguwar tafiya. Wannan a haddace shi ba gyara. Abin da ya sauya daga dare zuwa dare kuwa fili ne aka bar maka. Kowace waƙa ta samu shafi ɗaya tak: ki ɗin da take (sautin da aka gina waƙar a kansa), sautin da za ka latsa, wanda ke buɗe ta, yawan gaɓoɓin kowane sashe, da abin da ke nuna an zo fita. Shafi biyu ya yi yawa, ba za ka samu hannun juya shi ba.

Batun kaya. B-3 na ainihi da kujerarsa da fedojinsa ya doshi kilo 190, ban da akwatin lasifikarsa na Leslie, don haka yawancin masu wannan aiki na'urorin da ke kwaikwayonsa suke ɗauka, irin Nord Electro, ko jerin SK da XK na Hammond, ko YC na Yamaha. Tsarin da ya fi dacewa kibod biyu ne a hawa biyu. Na ƙasa mai maɓallai 88, ko 73 idan mota ta yi ƙaranci, masu nauyi, don fiyano da Rhodes. Na sama mai maɓallai 61 marasa nauyi masu santsin baki, don ogan. Wannan rabo yana da dalili: salon ogan cike yake da goga tafin hannu a kan maɓallai daga ƙasa zuwa sama, kuma yin haka a kan masu nauyi da kaifin baki yana ɗaye fatar hannu, sautin ma ya fito a kakkarye. Fiyano a kan maɓallai marasa nauyi kuma ba ya ba ka ikon sassauta bugu. Sauti huɗu sun ɗauki kusan dukan dare: fiyano mai haske, Rhodes, Hammond, da sintesaiza ɗaya idan kuna taɓa shekarun 1980. Ka daidaita ƙarfin huɗun a wurin gwaji, ƙungiya tana bugawa da cikakken ƙarfinta. Wanda ya daidaita su a ɗaki shi kaɗai zai tarar fiyano ya nutse, ogan kuma ya danne mai waƙa.

Hammond shi ne inda masu fitowa daga fiyano suka fi shan wahala, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Maɓallinsa bai san bugu mai ƙarfi ko mai taushi ba. Ko ka shafa ko ka doka, ƙarar ɗaya ce. Ƙarfi da sassauci duk a fedar ƙafar dama suke, don haka ƙafar ba ta sauka daga kanta: ka shiga kod da feda a ƙasa-ƙasa, ka tura ta a hankali yayin da mai waƙa ke ƙarasa layi, ka janye da zarar ya buɗe baki. Babu kuma fedar riƙe sauti irin ta fiyano. Yatsu ne ke haɗa kod da kod, wanda bai sauya ba a bar shi a danne, sauran su matsa.

Launin sautin yana fitowa daga sanduna tara da ake ja, kowace daga 0 zuwa 8, shi ya sa ake rubuta haɗin da lambobi tara. 888000000 shi ne gida, wato ukun farko a waje gaba ɗaya. Ƙara ta huɗu, 888800000, sautin ya ƙara fitowa gaba don solo. Duka tara a waje, 888888888, na ƙololuwar wasa ne, kuma wanda ya fara da shi tun waƙar farko ba shi da inda zai hau daga baya. A ƙarƙashin mai waƙa, 808000000 ko 008000000 sun fi ladabi. Sandar farko tana ba da sautin da ke oktaf ɗaya (tazarar sauti takwas a matakala) ƙasa da abin da ka danna, don haka idan kiɗan ya fara cakuɗewa da bes, ita za ka fara mayarwa zuwa 4 ko 5. Akwai kuma makunnin da ke ƙara ɗan “tik” a farkon sauti. Yana da ɗabi'a guda da ke rikita baƙo: ba ya sake fitowa sai an ɗage dukan yatsu daga maɓallai. Idan kana haɗa sauti da sauti ba tsinkewa, na farko kaɗai zai samu, saboda haka layin solo da ke son wannan amo sai an riƙa ɗan ɗaga yatsa tsakanin kowane sauti.

Sai Leslie, akwatin lasifika mai juyawa. A samfurin 122, sautin da ya haura 800 Hz (ma'aunin tsayin sauti) yana zuwa ƙaho mai juyawa a sama, na ƙasa da haka yana zuwa ganga mai juyawa a ƙasa. A gudu na hankali suna yin zagaye 40 zuwa 50 a minti, a na sauri kusan 340 zuwa 400. Daɗin yana cikin sauyin ne. Ƙahon ba shi da nauyi, nan da nan yake kai gudunsa, gangar kuma tana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ta cim masa, kuma wannan ɗan tsakanin da suke saɓawa shi ne abin da ke tayar da tsigar jiki. Ka kunna sauri gaɓa ɗaya ko biyu kafin amshi ya faɗo, ka mayar da shi hankali da shigar baiti. Barin sa a sauri waƙa guda cur yana gajiyar da kunne. Tun da hannu biyu suna aiki, sa makunnin a ƙafar hagu.

Hannun hagu shi ne babban mai ɓata wa ƙungiya sauti. Mai fiyano da ya saba kiɗa shi kaɗai yana buga tushen kod a ƙasa da oktaf, alhali a nan akwai mai bes da wannan ne aikinsa. A salon Grateful Dead abin ya fi tsanani, domin Phil Lesh ya kasance yana yawo da bes ɗinsa kamar mai solo, bai cika zama a kan tushe ba, mai jita Bob Weir kuma yana cike tsakiya da juyayyun kod, ga masu ganguna biyu. Wayar bes mafi kauri tana kusan 41 Hz, ta jita 82 Hz, C na tsakiyar fiyano kuma kusan 262 Hz. Ka ɗauki C da ke oktaf ɗaya ƙasa da na tsakiya a matsayin iyaka, kada hannun hagu ya riƙa zama ƙasa da shi. Sauti biyu sun isa bayyana kod, na uku da na bakwai. A kan A7, danna G da C#. Idan an koma D7, kowane yatsa ya sauko rabin taki, su zama F# da C. Hannu bai motsa daga wurinsa ba, amma kowa ya ji an juya, kuma an bar wa jita da bes sararinsu.

Wajen solo, yawancin dogayen tafiye-tafiyen nan a kan kod biyu ko uku suke zagayawa. Idan ana juya A da G da D, matakalar ita ce A, B, C#, D, E, F#, G, wadda ake kira Miksolidiya. G# da yatsa ya saba kaiwa a ki ɗin A zai yi karo da kod ɗin G kai tsaye. Idan kuma ana juya Am da D, to Doriya ce, F# ake so, F zai sa abin ya yi duhun da ba nasa ba. A ɓangaren Allman Brothers, mai jita Dickey Betts ya shahara da matakala mai sauti biyar ta manjo wadda ya ƙara wa sauti na huɗu, kuma lokacin da jita biyu suke tafiya tare a jere, kada ka cusa layi na uku. Riƙe dogon kod a ogan kawai.

Doguwar tafiyar kanta hira ce. Idan mai jita yana gudu a sama, ka sauko tsakiya ka rage yawan bugu. Idan ya tsaya ya ja numfashi, maimaita ƙarshen abin da ya faɗa, ko ka ba shi amsa da sauti uku ko huɗu. Idan naka solon ya zo, fara da ƙaramin salo a tsakiyar kibod, ka maimaita shi har masu ganguna su kama shi, sa'an nan ka hau oktaf, ka ƙara sanduna, ka ajiye saurin Leslie sai ƙarshe. Matsalar da ta fi yawa ita ce kowa ya kai iyakar ƙarfinsa a minti na uku, sauran minti goma a yi ta hayaniya ba hawa ba sauka. Maganinta a wurin gwaji yake: ku yarda wa ke ba da alamar komowa, da irin alamar, ko ɗaga wuyan jita ne ko wani salo da aka sani. Ku kuma keɓe lokaci ga mahaɗar waƙa da waƙa, domin al'adar wannan kiɗa ce a zarce daga ɗaya zuwa wata ba tsayawa, kuma sau da yawa mai kibod ne ke fara shigo da kod ɗin sabon ki. Wasu waƙoƙin kuma bugu bakwai ne ko goma sha ɗaya a gaɓa. Raba bakwai zuwa huɗu da uku, sha ɗaya zuwa uku, uku, uku, biyu, ka ƙirga da baki a gida har ƙafa ta riƙe da kanta.

Idan shekarun Brent Mydland kuke bugawa, ka shirya yin waƙa ma, domin muryar sama ta amshi tasa ce. Koyi hannu da murya dabam-dabam kafin ka haɗa su, ka kuma sauƙaƙa abin da hannu ke yi a duk inda baki ke aiki.

A dandamali, ƙananan abubuwa ne ke kayar da mutum. Fitar da sauti ta akwatin DI, ƙaramar na'urar da ke haɗa kibod da miksa, idan ka ji ƙugi a lasifika danna makunnin yanke layin ƙasa da ke jikinsa, yawanci nan take yake ɗaukewa. Tambayi injiniyan sauti ko sitiriyo ne tsarin gidan. Idan mono ne, ba shi waya ɗaya daga ramin da aka rubuta mono, ka kuma zaɓi fiyanon da aka yi don haka, domin haɗa hagu da dama na fiyanon sitiriyo a layi ɗaya yana sa wasu sautuka su cinye juna, ya fito siriri. Roƙe shi ya yanke abin da ke ƙasa da 100 Hz a layinka. Fedar riƙe sauti idan ta juye, tana riƙewa lokacin da ka ɗaga ƙafa, kashe kibod, ka tabbata a soke take, ka kunna ba tare da ka taka ta ba, domin na'urori da yawa a lokacin kunnawa suke gane irinta. Makunnin sauya ki kuwa a guje shi: za a manta shi a kunne, waƙa ta gaba ta fara da rabin taki a karkace, ga kibod na biyu da bai sauya ba. A jaka a samu feda ta biyu, wayoyin sauti biyu, da adaftar wuta ta ajiya. Monita kuma, wato lasifikar da kake jin kiɗan da ita a dandamali, a sa maka bes da jitar solo fiye da kanka, domin su ne za ka bi idan tafiya ta yi nisa.