Daga Hassocks zuwa Lewes a ƙafa, ni da nake cewa na san tafiya

Gaskiya ni da farko dariya abun ya bani. Wani abokina Bazazzagi da muke haya gida ɗaya a Landan shi ya kawo maganar, wai mu shiga jirgin ƙasa mu sauka a wani ƙauye, mu taka a ƙafa har wani gari, sannan mu sake shiga jirgi mu dawo. Nace to in mun je me zamu karɓo? Yace ba komai, tafiyar ce kawai. Nace lallai Bazazzagi zaman Turai ya fara taɓa ka, ni da na yi shekara shida ina taka kusan awa guda zuwa firamare, ga zuwa gona ga cin kasuwar ƙauyukan kusa da mu, yanzu kuma sai in biya kuɗin jirgi don in je in wahalar da ƙafata? Ya dai dame ni har na yarda, wata Asabar a tsakiyar Nuwamba.

Shi ya fito da takalmi mai tudu irin na sojoji da rigar ruwa da jaka a baya, ni kuwa kambas ɗina na zuwa aiki da wandon jins da ƙaramar robar ruwa guda ɗaya. Yace Bakano haka zaka je? Nace kai dai ka kula da kanka. Kuma ni na ja mana latti, sai wajen sha ɗaya saura muka sauka a tashar Hassocks, tafiyar kamar awa ɗaya daga Landan a layin da ke zuwa Brighton. Daga nan zuwa Lewes ta kan tudu kilomita 18 ne ko kusa da haka, na lissafa a raina nace awa uku da rabi mun gama.

Hanyar ta fara bin gefen layin dogo har ƙauyen Clayton. A nan daga kan gada zaka hango bakin ramin da jirgi ke shiga ƙarƙashin tudu, an gina shi a 1841 da hasumiyoyi biyu kamar fadar sarki, har da ɗan gida a samansa. Bazazzagi ya tsaya hoto ni ina ta azalzalarsa. Kusa da wurin akwai wani ƙaramin coci na dutsen ƙyastu wanda tun ƙarni na 11 yake tsaye, ƙofa a buɗe ba mai gadi ba kowa. Na ɗan yi jim a bakin ƙofa don ban taɓa shiga coci ba, sai wata tsohuwa da ke gyara furanni tace mu shigo mana, mu dai goge ƙafa. A bangon ciki akwai zane-zane na ƙarni na 12 kan ranar hisabi, mala'iku da masu tsira da waɗanda ake kora, launin ja da ruwan ƙasa duk ya koɗe. An shafe su da farar ƙasa shekaru aru-aru, sai a 1893 wajen gyara aka gano su. Sanyin cikin ɗakin nan ya fi na waje, ban daɗe ba na fito.

Daga bayan ƙauyen ne hawan ya fara, kuma a nan na fara gane kurena. Tudun nan gaba ɗaya alli ne, allin da muka sani na rubutu a allo, in ya sha ruwa sai ya zama kamar an zuba miyar kuɓewa a kan siminti. Taku uku gaba ɗaya baya. Sau biyu ina kai hannu ƙasa, na uku kuwa zama na yi daɓas, wandon ya koma fari fat ta baya, Bazazzagi yana daga sama yana cewa sannu ɗan ƙauye, sannu gwanin tafiya. Wallahi ƙasarmu ta jigawa ko da damina ba ta yi wa mutum haka.

A saman ne injinan niƙa biyu masu aiki da iska suke, ana ce musu Jack da Jill. Jill fara ce ta katako, a Brighton aka fara gina ta a 1821, sai a 1852 aka jawo ta sukutum da dabbobi aka hawo da ita nan. Jack baƙi ne na bulo, na 1866, shi yana hannun masu shi ba a shiga. Sun yi ta niƙa hatsi har wajen 1906. Ita ma Jill ɗin a rufe muka same ta don sai ranakun Lahadi na lokacin zafi ake buɗewa, to kaga rashin tambaya. Iskar wurin kuwa ba sai an faɗa maka dalilin kafa su a nan ba, hular sanyi na da kyar na riƙe ta, jins ɗin da ya jiƙe ya manne min a cinya kamar ƙanƙara.

Daga nan muka hau hanyar da ake kira South Downs Way, wadda ta taso daga Winchester har Eastbourne, mil 100. Alamarta hoton wani ɗan itace ne mai kama da goro da hula, a jikin turaku. Ba mu yi nisa ba sai ga ƙofar katako, bayanta fili cike da tumaki, can kuma shanu, ga waya an kewaye. Na ja na tsaya nace Malam wannan fa gonar mutum ce. Yace eh gonar mutum ce, buɗe mu wuce. Nace ni baƙo a ƙasar mutane, baƙar fata, in buɗe shingen wani in shiga cikin dabbobinsa? Ina cikin wannan gardama wasu tsofaffi biyu mata da miji suka zo da karensu a ɗaure, suka gaishe mu, suka buɗe suka shige abinsu, mijin ya riƙe min ƙofar yana jira. Kunya ce ta shigar da ni.

Wannan abun shi ya fi tsaya min a rai a duk tafiyar, fiye da tsohuwar fadar Lewes da injinan. Gonar ta mai ita ce, amma hanyar da ta ratsa ta ta kowa ce, kuma doka ce ba alfarma ba. A jikin turakun hanya, kibiya ruwan ɗorawa ta masu ƙafa ce, shuɗiya har da masu doki da keke. Mai gona ba shi da ikon toshewa ko sa kwaɗo, in ma ya yi huɗa ya bi ta kan hanyar da ta ratsa tsakiyar gona to cikin kwana 14 sai ya mayar da ita yadda za a iya bi. Naka kawai ka tsaya kan hanyar, ka bar ƙofa yadda ka same ta, kar karenka ya kori tumaki. A Ingila da Wales irin waɗannan hanyoyi sun kai wajen mil 140,000. Kuma ba a banza suka samu ba, a 1932 sai da aka ɗaure wasu matasa saboda sun shiga filin masu kuɗi da gangan a Kinder Scout, bayan dokar 1949 kuma aka bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya aka sa su a taswirar hukuma. Ni dai ina tafe ina tuna burtalin da ya bi ta gabas da garinmu, lokacin muna yara garke guda yake ɗauka a jere ba tare da saniya ta taɓa dawar kowa ba, yanzu ko amalanke da kyar, kowace damina kowa ya ƙara kunya ɗaya, in shanu sun shiga kuma a ce Bafulatani ya yi ɓarna. Kuma in faɗi gaskiya har da gonar gidanmu a masu cin burtalin, da hannuna na taɓa yin shuka a wurin.

A Ditchling Beacon, mita 248, wuri mafi tsayi a gabashin Sussex, muka tsaya sallah. Ta hagu ƙauyuka da gonaki shimfiɗe har iya ganinka, ta dama teku da fankokin lantarki na zamani a tsaye cikin ruwa. Nan matsalar ruwa ta taso. Alli yana shanye ruwa, don haka babu rafi ko ɗaya a saman tudun, sai wasu tafkuna zagayayyu da makiyaya suka haƙa suka daɓe da yumɓu saboda tumaki, kuma ba ruwan da zaka kai baki bane. Robata ta kusa ƙarewa, da ruwan Bazazzagi muka yi alwala muna ɗigawa kamar turare, yatsu sun ƙage. Kuma a Nuwamba azahar da la'asar da magariba duk a tsakanin sha biyu da huɗu da 'yan mintuna suke faɗowa, ashe ranar ma gaba ɗaya guntuwa ce. Muka shimfiɗa rigar ruwansa a bayan wata 'yar ƙaya muka yi, ba wanda ya ko kalle mu sai tumaki. Dabino da shayin filas ɗinsa su suka cece ni, nawa guzurin biskit ne guda ɗaya.

Sai kuma ɓata. Kafin wani tudu da ake kira Blackcap, hanyar mai alamar goron tana karyawa dama ta gangara kudu, mai zuwa Lewes kuwa sai ya rabu da ita ya miƙe. Ni na shige gaba ina bin goro, nace ai shi muke bi tun safe, wayata kuma sanyi ya cinye cajin ta mutu tana kashi talatin. Mun yi fiye da minti ashirin muna gangara kafin Bazazzagi ya ciro taswirar takarda, wadda na yi masa dariya a kanta a jirgi, yace Bakano juyo. Hawan komawar nan ban ce uffan ba.

Ta tsohon filin sukuwa muka gangaro, wajen da aka gwabza yaƙin Lewes a 1264, inda Simon de Montfort ya ci Sarki Henry na uku. Ni lokacin ba ta tarihi nake ba, diddigena ya yi bororo biyu, duhu ya fara, fitilar wayarsa muke bi. Da muka shiga gari tsohuwar fadar Lewes ma an rufe, daga ƙasa muka tsaya muna kallon inuwarta a kan tudu.

Shi ya sa muka koma a watan Yuni ranar Lahadi, kuma muka juya tafiyar, muka fara daga Lewes da safe. Na sayi takalmi na kuma yi sati biyu ina sa shi kafin ranar, ruwa lita biyu, wando mai saurin bushewa, taswira a aljihu. William de Warenne ne ya gina fadar jim kaɗan bayan Normawa daga arewacin Faransa sun ci Ingila a 1066, a kan tuddai biyu da mutane suka tara da hannu, kuma daga samanta kana ganin kogin Ouse da duk hanyar da maƙiyi zai biyo. Kusan sa'ar ganuwar Kano ce da aka ce Sarki Gijimasu ya fara, sai dai tamu ta ƙasa ce, kuma kowa ya san yadda ake yankarta ana gini. Iska tana gabanmu duk yinin don daga yamma take busowa, amma mun riski Jill a buɗe. Ashe gaba ɗaya ɗakin a kan gungume ɗaya yake zaune yana juyawa, wata 'yar fanka a bayansa ita ke karkata shi ya fuskanci iska, a ciki kuma haƙoran katako ne ke juya duwatsun niƙa, duk jikinta na ƙara kamar tsohon kwalekwale. Masu aikin sa kai ne ke kula da ita, yawancinsu masu furfura.

Da na kira gida na ba Baba labari, bai tambayi fada ko injin ba, cewa ya yi shi mai gonar yana gani kuka ratsa masa dabbobi bai ce komai ba? Nace Baba ai kamar burtali ne, hukuma ta rubuta, ba mai iya ƙara ko kunya ɗaya. Ya ɗan yi shiru, sannan yace to madalla, ya sanyi a wajen naku.