Haɗa kwamfutar tebur mai sanyaya da ruwa a garin da ɗaki ke kai digiri 40

Ruwa ba ya kashe zafi, dako kawai yake yi. Yana kwasar zafin daga kan furosesa da katin hoto, ya kai shi lagireto, fanka ta hura shi cikin iskar ɗaki. Saboda haka duk tsadar kayan da ka zuba, ruwan ba zai taɓa fin iskar ɗakinka sanyi ba. Yawancin lissafin da ake gani a intanet an yi shi ne a ɗakin da bai wuce digiri 22 zuwa 25 ba. Wanda ke Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afirilu, ba AC, ɗakinsa na iya kai 38 ko 40, kuma daga nan nasa lissafin zai tashi.

Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin ɗaki. Haɗi mai kyau yana riƙe ta a wajen digiri 10 lokacin da kwamfuta ke aiki mai nauyi. A ɗaki mai digiri 24, ruwa zai tsaya 34, hankali kwance. A ɗaki mai 40 kuwa ruwa ya kai 50 ke nan, alhali famfon D5, wanda aka fi amfani da shi wajen tura ruwan, iyakarsa digiri 60 ce. In ka yi rowar lagireto har tazarar ta kai 20, ka taɓo iyakar ke nan tun rana ba ta take ba.

Ga yadda ake ƙiyasta lagireto. Ana ƙirga shi da gurbin fanka, a milimita: 120, 240, 360, 480, ko dangin 140, wato 280 da 420. Ƙiyasin da masu haɗi suka saba da shi shi ne gurbi ɗaya na milimita 120 ga kowane wat 100, in fankokin na juyawa tsaka-tsaki. Ɗauki furosesa Core i9-14900K, wanda ke iya cin wat 253, da katin hoto RTX 4090 mai wat 450. Jimla kusan 700, gurbi bakwai ke nan. Lagireto 360 guda biyu gurbi shida ne, za su yi a ƙasar sanyi, amma a nan uku ya kamata, kuma akwai akwatuna irin Lian Li O11 Dynamic da ke ɗaukar ukun, sama da gefe da ƙasa. Wanda zai haɗa Ryzen 7 7800X3D da matsakaicin kati mai wat 200 da 'yan kai, 360 biyu sun ishe shi har da rara. Faɗi ya fi kauri amfani. Lagireto mai kaurin milimita 60 ba ya yin aikin biyu masu 30, domin iskar da ta ratsa rabin farko ta riga ta ɗumama kafin ta isa rabi na biyu. Sannan a duba yawan haƙoransa, wato siraran ƙarafan da iska ke ratsawa. Mai haƙora a matse yana son fanka mai ƙarfi, ga shi ƙurar hunturu tana toshe shi cikin makonni kaɗan. Mai sarari tsakanin haƙora ya fi dacewa da mu, ko da ya ɗan gaza a takarda.

Sauran kayan ba su da yawa: bulok (ƙarfen da ake ɗaurawa kan abin da ke zafi, ruwa na ratsa cikinsa) na furosesa, bulok na katin hoto, famfo haɗe da tanki, tiyo, mahaɗai, ruwan sanyaya. Bulok ɗin furosesa yana bin soket ne, AM5 ko LGA1700 ko LGA1851. Na katin hoto ya fi tsauri. Sunan guntun da ke tsakiyar katin bai isa ba, domin kamfani biyu za su fitar da RTX 4090 amma tsarin allonsu ya bambanta, ramukan sukuru ma ba wuri ɗaya suke ba. Sai ka duba cikakken sunan katinka a jerin da mai bulok ɗin ya fitar kafin ka biya kuɗi, musamman tunda kayan nan odarsu ake yi daga Chaina ko Turai, mayar da su kuwa sai wanda ya gani.

Maganar ƙarfe ba ta da sassauci. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zama lafiya cikin ruwa ɗaya. Da zarar alminiyam ya shigo, ruwan ya zama kamar ruwan batir tsakanin ƙarafa biyu, alminiyam ya riƙa zagwanyewa, garinsa ya bi ruwa ya toshe siraran hanyoyin cikin bulok, daga baya lagireton ya huje. Lagireto mai arha da ba a faɗi ƙarfensa ba, ka ɗauka alminiyam ne. In ka ɗaga za ka ji shi sakayau.

Famfo iri biyu ne suka mamaye kasuwa, D5 da DDC. D5 ya fi girma, yana tura kusan lita 1500 a awa in ba abin da ya tare shi, kuma ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi. DDC ƙarami ne, ya fi ƙarfin matsi, amma ƙasansa na ɗaukar zafi har sai an sa masa gindin ƙarfe. Ga ɗaki mai zafi, D5 zan zaɓa. Dukansu ruwa ne man giris ɗinsu, don haka kada a kunna su a bushe ko na ɗan lokaci ne.

Sai tiyo, inda ido ke yaudarar mutane. Hotunan da ke burge kowa na bututu mai tauri ne, wanda aka gasa aka lanƙwasa ya tsaya cak. Iri biyu ne, PETG da akirilik. PETG ya fi sauƙin lanƙwasawa, kuma wannan sauƙin shi ne aibinsa: in ruwa ya daɗe da zafi sai bakinsa ya yi laushi, ya motse a cikin mahaɗi, ya saki zoben robar da ke riƙe shi. Ranar da zai zame ba zai yi sallama ba. Inda ruwa ke zama a 45 zuwa 50 wata biyu a jere, PETG caca ce. Akirilik ya fi jure zafi amma yana tsagewa, kuma barasar goge-goge tana fasa shi. Mai laushi na PVC yana da arha, ana ganin ruwa ta cikinsa, sai dai zafi na sa shi sakin wani farin dafi da ke taruwa a bulok. Baƙin tiyon EPDM, dangin robar da ke jikin lagireton mota, ba shi da kyan gani sosai amma ba ya sakin komai, zafi ba ya damunsa. Ga haɗin farko, EPDM mai awo 10/16, wato rami milimita 10, kewayen waje 16. Kaurin bangonsa ne ke hana shi karyewa a kwana. Mita uku sun isa har da na kuskure.

Zaren mahaɗai kusan duka ɗaya ne, G1/4, don haka na kamfanin Barrow zai ɗauru a lagireton kamfanin Alphacool ba gardama. Abin da dole ya dace shi ne awon tiyo: mahaɗin 10/13 ba zai kama tiyon 10/16 ba. Ƙirgar ba wuya, kowane ɓangare na da mashiga da mafita. Bulok biyu, lagireto biyu, famfo da tanki, ɓangare biyar, mahaɗi goma. Ƙara elbo huɗu masu juyawa, mahaɗi mai baki uku, bawul na zubar da ruwa tare da murfinsa, da ma'aunin zafin ruwa mai zaren G1/4. Ma'aunin nan shi ne mafi arha a jerin, shi ne kuma aka fi mantawa. Ana ɗaure mahaɗi da hannu ne, ba da filaya ba. Zoben roba ke tare ruwa, ba ƙarfin ɗauri ba, kuma in aka matsa da yawa a kan murfin akirilik sai ya yi siririyar tsaga da ba za ta nuna ba sai bayan kwanaki.

Kafin a ɗaura komai, a fara haɗa kwamfutar da fankarta ta asali a tabbatar tana tashi. In katin ya zo da matsala, gara a gane kafin a kwance shi, domin kwancewar na iya taɓa garanti. Sannan a wanke lagireto. Sabo fil yana zuwa da ragowar dattin walda a ciki. A zuba ruwa mai ɗumi rabi, a toshe bakunan, a girgiza, a juye cikin farin kwano, a maimaita har sai ba a ga baƙin tsaki ba. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa na distil.

Wajen ɗaura bulok akwai kura-kurai uku da ke maimaituwa. Ledar da ke manne a ƙasan bulok ɗin furosesa, mai haske ce, ana mantawa da ita, sai a ga zafi ya haura 95 cikin daƙiƙu. 'Yan katifun ɗaukar zafi da ake ɗorawa kan ma'adanan katin hoto suna da leda ta fuska biyu, kuma kaurinsu a ƙayyade yake, milimita 0.5 ko 1 ko 1.5, yadda takardar bulok ta ce. In aka sa mai kauri fiye da kima, sai ya ɗage bulok ɗin daga kan guntun, a rasa dalilin zafi. Gwajin da ke raba gardama: ɗaura bulok, kwance shi, duba man ɗaukar zafi da ka shafa tsakanin guntun da bulok. In ya baje ko'ina sirit, ya zauna. In gefe ɗaya ya rage da kauri, wani abu na tokare. Na uku shi ne juya mashiga da mafita. Yawancin bulok suna da alamar IN, don ruwan ya faɗo tsakiyar siraran hanyoyin ne kafin ya watsu. Sukurori kuma a ɗaura su bi da bi ta kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan.

A lagireto, dogon sukuru ne mugu. Masu milimita 30 na ratsa fanka mai kauri 25 ne. In ka ɗaura irinsu kai tsaye daga jikin akwati ba fanka a tsakani, tsinin zai wuce ya huda hanyar ruwa. Gajerun ne na wannan aikin.

Tsarin bin ruwa kuwa an cika yi masa dogon turanci a banza. Ruwa mai gudun lita huɗu a minti, ya kwashi wat 500, bai fi ya ƙaru da digiri biyu ba a zagaye guda. Ko furosesa ya riga, ko kati ya riga, bambancin bai kai a ja tiyo ta bayan gari ba. Sharaɗi ɗaya ne: tanki ya kasance sama da famfo, yana shayar da shi kai tsaye. Bawul ɗin zubarwa kuma a wuri mafi ƙasa.

An gama ɗauri, ba a zuba ruwa tukun ba. Akwai ɗan famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a ramin tanki, a hura iska zuwa wajen rabin bar, a jira minti 15. Allura ta tsaya, haɗi ya kama. Ta sauka, akwai inda ke shaƙa, kuma iska ba ta ƙona allo. Wanda ba shi da wannan sai ya gwada da ruwa, amma bisa sharaɗi: a cire duk wayoyin wuta daga babban allo da katin hoto da faifan ajiya, famfo kaɗai ya rage. Ana tayar da akwatin wutar kwamfutar, wato PSU, ne ta haɗa fil na 16 na babbar waya mai fil 24, wanda a da koren waya ne, da fil ɗin ƙasa, wato na giraun (GND). Tunda wayoyin yanzu galibi baƙaƙe ne, gara a sayi ɗan fulogin da aka yi don wannan. A shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi. A cika tanki, a kunna, da ruwa ya kusa ƙarewa a kashe, a sake cikawa, haka har ya zagayo. Haɗi irin wannan na shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A bar shi yana gudu kwana guda, ana ɗan karkata akwatin gaba da baya don iskar da ta maƙale a lagireto ta fito. Ƙarar da ke kama da tsakuwa a gwangwani kumfa ce a famfo, tana lafawa da kanta.

Ruwan da za a zuba ba na famfon gida ba ne, ba na burtsatse ba, ba fiya wata ba. Duk suna ɗauke da gishirin ƙasa da zai daskare a bulok kamar farin da ke kama gindin buta. Ko dai haɗaɗɗen ruwan sanyaya, ko mai kauri da ake sirkawa da ruwan distil, yawanci mililita 100 cikin 900. A yi hattara da abin da ake sayarwa da sunan ruwan batir a gefen hanya, domin wani an sirka shi da asid, kuma asid da nikel ba sa ga maciji. Ruwa mai haske ya fi mai kauri kamar fenti, wanda garinsa ke kwantawa da wuri in zafi ya yi yawa. Ƙanƙara kuwa kada ma ta zo a rai: in ruwa ya fi ɗaki sanyi, musamman da damina, tiyo da bulok za su yi gumi, raɓar ta ɗiga kan allo.

Bayan an mayar da wayoyi, a shiga BIOS, wato shafin saitin babban allo da ake buɗewa lokacin da kwamfuta ke tashi. Wayar bayanin gudun famfo ta shiga CPU_FAN ko ramin famfo, a kunna gargaɗin tsayawarsa. Ɗauke wuta ba ya cutar da haɗin, tunda famfo da furosesa tare suke mutuwa. Haɗarin shi ne famfo ya tsaya kwamfuta na ci gaba da aiki, ruwan da ke cikin bulok ya riƙa dahuwa wuri ɗaya. Gudun fankoki kuma a ɗaura shi a kan ma'aunin ruwa, ba zafin furosesa ba, wanda ke tsalle sama da ƙasa da an buɗe shafi ɗaya. A ɗakin zafi, su fara ƙara gudu daga digiri 40, su ƙure a 50, a sa ƙararrawa a 55.

Rubuta tazarar ruwa da ɗaki ta ranar farko a takarda ka manna cikin murfin akwati. Duk ranar da ka ga ta ƙaru da digiri huɗu ko biyar a aiki iri ɗaya, ƙura ce ta farko da za a zarga. Da hunturu a wanke ragar tace iska duk mako biyu, a hure lagireto da bulowa daga ciki zuwa waje, ana riƙe da fikafikan fanka da yatsa kada su juya fiye da ƙima. In lagireto fes yake amma furosesa kaɗai ke zafi, siraran hanyoyin bulok ne suka toshe, sai a kwance shi a goge da buroshin haƙori mai laushi. Ruwa ana canza shi duk shekara, mai launi kuwa duk wata shida. Lokacin juyewa a sa tiyo a bakin bawul zuwa cikin bokiti, a buɗe murfin saman tanki don iska ta shiga, in ba haka ba ruwan zai ɗan ɗiga ya tsaya, ka zaci ya ƙare alhali rabinsa na cikin lagireto.