Bajoga, ranar gemun maigari

Ƙarfe 11 ta wuce, ina kwance a ajin firamaren da aka ba mu mu kwana, bayana kamar an daka ni a turmi, amma bari dai in rubuta kafin barci ya sace ni.

Tun bayan asuba na baro Pantami don mun yi da direba ƙarfe 7 za a tashi, wallahi sai 9 saura muka bar Gombe, wai amaryar wasan kwaikwayonmu ba ta samu abin hawa ba. Ni dai ina bakin but da littafina ina ƙirga kaya, tamfol 2, lasifika, makirufo 3, janareta, akwatin sutura, rawani, sanda, ƙwarya da faifai, gidan sauron da wasan ya dogara a kai. Duk abin da ya shiga mota sai na ja masa layi, in an tashi in sake ja. Tun ranar da muka manto sandar maigari a Deba na koyi wannan, ran nan da muciyar aro Baba, mai fitowa a maigari, ya yi mulki.

A hanya tirelolin simintin Ashaka sun hana mu sakat, shi kuma Baba sai labarin Mbormi yake, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, wai tunda mun zo kusa mu ratse mu yi ziyara. Na ce Baba ka yi haƙuri, la'asar ba za ta jira mu ba. Ya ce yaran yanzu ba ku san tarihi ba.

Wasan fili lokacinsa ɗaya ne, daga an sallame la'asar zuwa kiran magariba, in ka yi sake rabin wasa jama'a za su watse masallaci. Muna sauka darakta ya tafi gaida mai unguwa, ni na tsaya kafa fage, 'yan kallo su ba rana baya don haske ya sauka a fuskar 'yan wasa. Bayan fagen namu kuwa ɗan lungu ne tsakanin bas da tamfol, mata su canza kaya cikin mota, maza a waje, yara na ta leƙe ta ƙasa ina korarsu suna dawowa kamar ƙuda.

To gemun. Auduga ce muke mannawa da gam, kuma yau zafin Bajoga ba a magana. Ana fitowa ta 3, daidai inda maigari ke yi wa magidanci faɗa a kan ya mai da gidan sauro ragar kifi, sai na hango ta ɓular tamfol gefen gemu ya saki yana lilo, gumi ya narka gam. Gabana ya faɗi. Ba halin in yi magana, makirufo na kunne. Na dinga shafa haɓata ina zaro ido, Baba ko kallona bai yi ba, sai da na sa mai ganga ya buga sau ɗaya ba lokacinsa ba sannan ya waigo. Kai, tsohon hannu daban ne, a hankali ya ja amawali ya rufe baki da haɓa, ya ci gaba da faɗa ta cikin rawani. Jama'a suka ɗauka ƙasaita ce, har wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Da ya shigo na ce sannu Baba, ya miƙo min audugar a jiƙe ya ce ungo gemunka.

Mun gama saura kamar minti 10 a kira salla. Darakta na can ana ta hoto da shi, ni ina naɗe waya cikin ƙura da fitilar wayata a baki. Na ƙirga kaya, faifai babu, ina zargin yaran nan na ƙasan tamfol.

Gobe Nafada. Da safe sai na nemi kemis in sayi auduga, in kuma roƙi matar hedimasta ko za ta sayar mana da faifai.