Ƙwayar lido ba ta tuna jifar baya

Duk wanda ya shiga jami'a a fannin kimiyya ko tattalin arziki, da wuya ya tsallake kwas ɗin ƙididdiga a aji ɗaya. Yawancinmu da fargabar lissafi muka shige shi, alhali lissafin da ke ciki bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba: tarawa, ninkawa, rabawa, kalkuleta ta ƙarasa sauran. Ba nan gizo ke saƙa ba. Wahalar kwas ɗin ita ce yana musu da abin da zuciyarka ta riga ta gaskata, kuma in aka zauna aka ƙirga, sai ka tarar shi ke da gaskiya.

Zangon farko ba wani tashin hankali. Matsakaici, lambar tsakiya, zanen jadawali, shi ke nan. Abin da na riƙe a ciki ɗaya ne. A ce mutum goma, tara kowa na samun naira 50,000 a wata, na goma yana samun miliyan 5. Matsakaicinsu naira 545,000 ne, kuɗin da babu ko ɗaya cikinsu da ke karɓa. Lambar tsakiya kuwa, wato wadda ke tsakiya in an jera su daga ƙarami zuwa babba, 50,000 ce, ita ce ta faɗi halin da suke ciki. Tun daga nan, in na ji an ambaci matsakaicin kuɗin shiga a rediyo, sai in so a faɗa mini da wanne aka auna.

Lissafin yiwuwa shi ne ya zo da rigima. Asalinsa ma daga caca ne, abin da ya ba wasunmu dariya, ya sa wasu suka ɓata fuska. A Faransa, wani mai son caca da ake kira Chevalier de Méré ya kai wa masanin lissafi Blaise Pascal tambayoyinsa, Pascal kuma ya shiga musayar wasiƙu da wani masanin lissafin, Pierre de Fermat, a 1654, daga nan ilimin ya kafu. Ɗaya daga tambayoyin da ake dangantawa da mutumin, duk ɗan lido zai gane ta. In ka jefa ƙwaya ɗaya sau 4, samun siki aƙalla sau ɗaya ya ɗan fi rashinsa yiwuwa, kusan kashi 52 cikin 100. To in ƙwaya biyu ce, kana neman siki biyu a jifa 24 fa? Hankali na cewa ai duk ɗaya ne, tunda ƙwaya ɗaya hanyar faɗuwa 6 gare ta, biyu kuma 36, kuma 4 bisa 6 daidai yake da 24 bisa 36. Ƙirga kuwa ta ce kashi 49 ne. Tazarar ba ta da yawa, amma ta isa ta talauta mai yawan wasa.

Dabarar da ke fitar da amsar ta burge ni don sauƙinta: kada ka ƙirga hanyoyin samu, ƙirga hanyar rashi, ka cire daga jimillar hanyoyin. Sharaɗinta kuma shi ne kowace jifa zaman kanta take yi. Ƙwayar ba ta san ka jefa sau goma ba siki ba, ba ta kuma jin tana bin ka bashi ko kana bin ta.

Da wannan ya tsaya a kan lido da ban damu ba. Sai malaminmu ya kawo maganar sikila. Miji AS, mata AS: kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ɗaya cikin huɗu AA, rabi kuma AS. Kowa a ajin ya san wannan tun darasin bayoloji. Ya ce to na fari ya zo da SS, na biyu fa? Hannaye suka tashi. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai an riga an fitar da ɗayan, saura ukun lafiya lau." Da yawa suka gyaɗa kai, kuma irin maganar da ake yi ke nan a gidaje idan ana lallashin masoya ko iyayensu. Malam ya ce a'a, na biyun ma ɗaya cikin huɗu ne, haka na uku, haka na goma. Ya juya allo ya ƙirga mana na 'ya'ya huɗu. Yiwuwar a ce babu mai SS ko ɗaya, 81 cikin 256 ce, wato kusan kashi 32 cikin 100. Mai SS ɗaya tak, kashi 42. Biyu ko fiye, kashi 26. Wato wancan "ɗaya cikin huɗu" da mutane ke ɗauka kamar alkawari, ko rabin irin waɗannan gidaje ba ya cika a kansu, kuma gida ɗaya cikin huɗu zai yi jinyar yara biyu ko fiye.

Aji ya yi tsit. Can wani daga baya ya ce, "Amma Malam, ai Allah ne ke bayarwa." Malam bai yi gardama ba. Ya ce haka ne, kuma lissafin bai taɓa cewa ya san wane yaro ne ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da ya sani kawai shi ne yadda abin ke rabuwa in ka duba gidaje dubu. Na ga amsar ta fi duk wata doguwar muhawara amfani. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif, amma a ganina takardar gwaji ba za ta yi aikinta ba muddin mai riƙe da ita yana zaton haihuwa bin layi take yi.

Akwai ranar da ƙa'idar ta ci karo da ƙasarmu. A littafi, in mutum 23 suka taru, yiwuwar biyu su haɗa ranar haihuwa ta ɗan haura rabi. Malam ya ce mu gwada. Ba a yi nisa ba aka samu, ba biyu ba ma, tuli guda, duk 1 ga Janairu. Ranar da aka cike musu ce wajen rajista, don ba a rubuta ta ainihin ba. Aka yi ta dariya, shi ma ya dara, sannan ya ce mu lura: ƙa'idar ta ɗauka ranakun shekara duk ɗaya suke, takardunmu kuwa ba haka suka ce ba. Jarrabawa ba ta cika tambayar irin wannan ba, ita dai ka sa lamba a ƙa'ida ka fitar da amsa, kuma a nan nake ganin gazawar yadda ake koyar da kwas ɗin. Mutum na iya samun A bai taɓa tambayar daga ina lambar ta fito ba.

Wannan tambayar ce ƙashin bayan darasin samfur. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zaro daga tsakiya da ƙasa, kuma ɗan abin da ya cika tafin hannu ya ishe shi. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta tara yawanci daga kundin masu tarho da masu mota ne, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, sannan waɗanda suka ga damar amsawa ne kawai aka ƙirga. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawan ba, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Yanzu duk kakar zaɓe sai wani mai mabiya da yawa ya buɗe ƙuri'a a Facebook, mutum dubu goma su latsa, ya ce jama'a sun yi magana. Waɗanda suka yi maganar su ne masu babbar waya, masu data, masu bin shafinsa, waɗanda kuma abin ya dame su har suka latsa. Tsohuwar da za ta yi sammako ta kama layi a rumfar zaɓe a ƙauyensu ba ta ciki, ko da masu latsawar sun kai miliyan.