Zarton batir: yadda na zaɓa, yadda na saya, da yankan da ya tsorata ni

Gara ce ta sa ni sayen wannan inji. Ta cinye ƙafafun akurkin kajinmu har ya karkace, ga uwargida ta daɗe tana roƙon a yi mata kanta a kicin don tukwane su bar ƙasa. Kafintan unguwarmu mutum ne mai hannu, amma aiki ya yi masa yawa, kuma ƙaramin aiki irin nawa ba ya biyan wahalar barin shago. Na gwada zarton hannu a kan falwud mai ƙafa 8, kafaɗa ta ƙage, layin kuma ya kauce. Na yi tunanin injin zarto mai waya, sai na tuna wutarmu ta fi zuwa da tsakar dare, kuma ba zan riƙa tayar da janareto don yankan da bai wuce daƙiƙa goma ba. Daga nan hankalina ya koma kan mai batir.

Kafin in taka kasuwa sai da na je wurin wani tsohon kafinta, aminin mahaifina. Na zauna na zayyana masa sunayen kamfanoni, Makita, DeWalt, Bosch, Ingco, Total, ina jiran ya nuna mini ɗaya. Bai nuna ba. Cewa ya yi, "Ɗana, wane batir kake da shi a gida?" Na ce, "Baba, akwai injin huda bango na Makita da na saya tuntuni, da ƙananan batura biyu da cajarsu." Ya ce, "To ai ka riga ka zaɓa, ba ka sani ba ne."

Sai a hanyar gida maganar ta zauna mini. Kowane kamfani da irin mazaunin batirinsa, na wannan ba ya shiga na wancan. Ranar da ka sayi inji mai batir na farko, ka ɗaura aure da wannan gida ke nan, domin batir da caja su ne rabin kuɗin, wani lokaci ma fiye. Shi ya sa ake sayar da injin tsirara, babu batir babu caja, don wanda ya riga ya mallaki nasa. Layin batirin Makita mai volt 18, wanda suke kira LXT, tun 2005 yake kasuwa, kuma har yau ana yin sababbin injuna a kansa. Wannan ya kwantar mini da hankali cewa ba zan wayi gari in rasa batir ba.

A kasuwar Sabon Gari ta Kano na fara zagaye, shago zuwa shago. Abu na farko da ya so ruɗa ni shi ne lambar volt. Wani inji an rubuta masa 20V, wani 18V, ido kuma babbar lamba yake bi. Alhali abu ɗaya ne. Ƙwayoyin lithium biyar ne a jere a ciki, kowace tana ba da volt 4 idan ta cika fal, ta sauko wajen 3.6 idan ana aiki. Biyar sau huɗu 20, biyar sau 3.6 kuma 18. Hatta DeWalt, batirin da take kira 20V MAX a Amurka shi ne take sayarwa da sunan 18V a Turai. Lambar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce Ah, wato yawan cajin da batirin ke ɗauka.

Na kuma ga na hannu da aka shigo da su daga Amurka, masu kyan gani da sauƙin kuɗi. Na juya cajar ɗaya na karanta bayanta: 120V. Wutarmu a Najeriya 230V ce. Ka soka irin wannan caja kai tsaye a bango, ta ƙone nan take, sai dai ka haɗa da na'urar rage ƙarfin wuta ko ka nemi wata cajar. Duk wanda zai sayi na hannu, ya juya cajar tukuna kafin ya fara taya kaya.

Batun girman faifan zarton kuwa bai ɗauke ni lokaci ba. Akwai mai milimita 165, akwai manya masu 185 zuwa 190. Wanda na ɗauka, Makita DHS680, mai 165 ne, kuma yana nutsewa milimita 57 idan yana yanka a tsaye, 41 idan an karkata shi digiri 45. Katakon tu-bai-fo da nake saya a 'Yan Katako na Na'ibawa kaurinsa inci 2 ne, kusan milimita 50, don haka bugu ɗaya ya raba shi. Idan fo-bai-fo ne sai in yanka ta fuska biyu, kuma sau nawa zan buƙaci hakan a aikin gida? Babban ya fi nauyi, ya fi shan batir. Motar da ke juya faifan nawa irin wadda ba ta da kabon ce, wato ɗan gawayin nan da ke cinyewa sai an canza shi, ba ta zafi da wuri, kuma caji ya fi daɗewa a kanta. Tana da birki, da ka saki kunama faifan ya tsaya cikin ɗan lokaci kaɗan. A gidan da yara ke kai-komo, wannan birki ya fi mini duk wani ado da ke jikin kwali.

Akwai abin da takarda ba za ta gaya maka ba sai ka riƙe injin. Faifan wannan yana gefen hagu ne, ni kuma da dama nake aiki, saboda haka ina ganin layin fensir ba sai na leƙa ta saman inji ba. Na ɗaga murfin kariyar faifan da yatsa na sake shi, ya koma da kansa, ƙwas. Na matsa farantin ƙasan in ji ko yana lanƙwasa. Mai shagon ya yi haƙuri da ni, Allah ya saka masa.

Inda na kusa yin asara wurin batir ne. Ƙananan baturana na gida ba za su ja zarto da nisa ba, dole in ƙara babba mai 5.0Ah, kuma kuɗinsa ya kusa kamo na injin. A wani shago daban wani matashi ya jawo ni gefe ya ce, "Alhaji, ga mai 6.0Ah, rabin kuɗin wancan zan ba ka." Launi ɗaya, rubutu ɗaya. Da na ɗauka sai na ji hannuna bai cika ba. Baba ya riga ya gaya mini cewa batir mai 5.0Ah ƙwayoyi goma ne a cikinsa, layi biyu, kuma nauyinsa ya ɗan haura gram 600, yayin da mai 2.0Ah ke da ƙwayoyi biyar kawai. Na roƙi mai sayar da ƙusa da ke maƙwabtaka ya ara mini sikelinsa. Allurar ko gram 400 ba ta kai ba. Na mayar masa da kayansa cikin mutunci, na koma shagon farko na biya na gaske, aka rubuta mini rasit da lambar batirin a jiki. Jabun batir cutarsa ba ta tsaya ga saurin mutuwa ba, wasu ba su da kariyar da ke hana ƙwayoyin yin zafi fiye da kima, kuma wutar lithium ba ta da daɗin kashewa.

Faifan da ya zo da injin mai haƙora 24 ne, na tsaga katako da sauri. A kan falwud yana fizge fatar sama ya bar gefen kaca-kaca. Na ƙara sayen mai haƙora 48, na kuma tabbatar ramin tsakiyarsa milimita 20 ne kamar yadda injin ke buƙata, domin faifai na iya yin girma ɗaya da naka ramin ya bambanta.

Ranar Asabar da safe na fara aiki. Na ɗora falwud mai kauri milimita 18 a kan kujeru biyu, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, na kama yanka ta tsakiya. Da na kusa kaiwa ƙarshe sai allon ya lotsa, gefuna biyun suka haɗe suka matse faifan. Ƙarar injin ta canza, kafin in ankara ya yi tsalle ya dawo baya ta wajen cinyata. Murfin kariyar ya rufe, birki ya kama, ban ji ciwo ba, Alhamdu lillahi. Na cire batirin na zauna a bakin rijiya, hannuna na rawa. Ɗana ƙarami yana tsaye bakin ƙofar ɗaki yana kallona. Laifin nawa ne, ba na inji ba.

Da yamma Baba ya zo. Bai yi mini faɗa ba. Ya sa na shimfiɗa katako huɗu a ƙasa, biyu a kowane gefen layin yankan, muka kwantar da falwud ɗin a kai, yadda kowane ɓari zai zauna daram bayan an raba. Ya rage zurfin faifan har ya zama tsinin haƙori kawai ke leƙowa ta ƙasan allo. Ya ce in tsaya a gefen layin, kada jikina ya kasance a bayan injin, in bar faifan ya gama ɗaukar gudu kafin ya taɓa katako, kuma kada in tura da ƙarfi. Ya kifa allon, kyakkyawar fuskar ta kalli ƙasa, saboda haƙoran daga ƙasa suke shiga su fito ta sama, ta wajen fitar kuma fata ke fizgewa. Sannan ya auna tazarar da ke tsakanin faifan da gefen farantin, ya ɗaure miƙaƙƙen katako a kan allon daidai wannan tazara, ya ce in jingina farantin da shi in tafi. Yankan ya fito kamar an ja da zare.

Tun daga ranar ba na taɓa faifai sai batir yana aljihuna, kuma ba na yanka sai yara suna cikin ɗaki. Ina sa tabarau da takunkumi, garin katako ba abin shaƙa ba ne. Tsohon katako kuwa sai na bi shi na zare ƙusoshi.

Zafin Kano ma ya koya mini nasa. A watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, batir kan fito daga aiki da ɗumi sosai, cajar kuma takan jinkirta har sai ya huce. Yanzu a inuwar ɗaki nake ajiye su, ba a but ɗin mota ba, ba kuma a ƙarƙashin kwano ba. Idan wuta ta zo da dare, minti 45 ya ishi babban ya cika, da safe in fita tsakar gida da shi.

Akurkin ya tsaya a kan ƙafafu huɗu da na shafe da baƙin mai, na kuma ɗora su a kan bulo don gara. Kantar kicin hawa uku ce. Da Baba ya dawo ganinta, ya zaro sikwayarsa daga aljihu ya kara a kusurwar hawa na biyu, ya ɗaga ta wajen haske. Ya nuna mini wata 'yar tazara da farce zai iya shiga, ya ce, "Ɗana, duba farantinka, ya ɗan kauce daga sifili." Na duba ma'aunin karkatar farantin, haka ne. Na kwance maɗaurin, na daidaita shi da sikwayar tasa, na sake yanka wannan allo ɗaya kafin magariba.